Hasken da Na Ɗora a Goshin Malam

Assalamu alaikum. A shekarun da gero ya ƙi albarka a ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta, ni magidanci ne mai rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Da waya ta kashe wannan sana'a, sai wani mai shagon hoto a kasuwa ya koya mini gyaran hoto da manhaja. Abin da hannuna ya fi faɗawa shi ne ɗora haske mai tartsatsi kamar tauraro, irin wanda amare ke so a jikin ɗankunnensu.

Da Allah ya karɓi ran malamin da ya karantar da ni, na ɗauko hotonsa na ɗora masa wannan tauraron a goshi, na wanke na rataye a zaure. Allah ne shaidata, ƙauna ce kawai. Amma ranar sadakar bakwai wani dattijo ya tambaye ni ko haka na'urar ɗaukar hoto ta kamo shi. Na ga idon jama'a ya ciko da hawaye, abin ya yi mini daɗi, na sunkuyar da kai ban ce komai ba. Kafin Juma'a ta zagayo, labari ya karaɗe ƙauyuka cewa hasken Malam ya bayyana.

Da kaka, maciji ya sari maƙwabcina yana cirar gyaɗa. Matarsa ta roƙe ni kwafi ɗaya na hoton Malam, na ba ta, a zatona ratayewa za ta yi. Ashe ruwa take zubawa a kan hoton kamar yadda ake wanke allo, tana ba mijin yana sha. Ƙanensa ya kawo mota a kai shi asibiti, ta ce ina likita ina hasken Malam. Kwana biyu ya yi, ya cika.

Bayan ta fita takaba ta aiko mini da ƙwaryar fura, wai godiya take, ko ba komai mijinta ya tafi da albarkar Malam a cikinsa. Har yau bakina ya kasa faɗa mata gaskiya, kullum kuma ina ganin marayunta a bakin rijiya.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma shirun nawa ne, ni za a tambaya. 'Yan'uwa masu gyaran hoto, in aka tambaye ku, ku ce aikin hannunku ne. Ni ban buɗe baki na yi ƙarya ba, kai kawai na sunkuyar. Ku sa ni a addu'a.