Riƙon Albasar Inna

Gulbin Maggiya ba ya gudu sai da damina. Yana ratsa ƙasarmu, ya wuce kusa da Ƙwanni, ya tsallaka iyaka ya zube a tafkin Kalmalo, cikin Najeriya. A bakin tafkin nan ƙanwata take aure. Ni kuwa ina wannan gefen, maigidana yana da ƴar gona a gandarin noman rani da ke shan ruwan baraji, wato madatsar da aka yi wa gulbin can sama da mu.

Wata shekara damina ta yi gardama. Baraji bai cika ba, balle ya yi amai ya sakar wa na ƙasa. Tafkin su ƙanwata ya janye, rijiyoyin lambunsu suka koma laka. A rediyo mukan ji manyan ƙasashen biyu sun zauna kan rabon ruwa, sun tashi, za su sake zama. Mu namu zaman a wajen wani suna ya lalace, inda mijin ƙanwata ya dubi maigidana a gaban mutane ya ce, "Kun ɗaure gulbi a turke kamar akuyar gidanku." Maigidana ya ce, "Alhaji, ruwan da ya sauka a tudunmu, sai mun nemi izininka za mu sha?" Aka yi dariya, ban da Alhaji. Ya rantse babu abin gidansa da zai ƙara shan ruwan Ƙwanni, ya tafi ko tuwon suna bai ci ba.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta bar irin albasa, ƴar ja mai siririn wuya, wadda takan kai damina a ajiye ba ta ruɓe ba. Lokacin da take nuna yadda ake fitar da iri ina kwaleji, ƙanwata ce ta koya, ita ce kuma ta tafi da shi gidan miji. Irin albasa ba gero ba ne da za a rufe a rumbu a manta. In ya shekara ƙarfinsa ya tafi. Dole kowane rani a zaɓi kawuna masu kyau a binne, su yi kara, su yi fure, a sami sabo. In aka tsallake rani ɗaya, an rabu da shi ke nan.

Ina cikin wannan zullumi sai ga ƙanwata wata safiya a bayan kabu-kabu, rungume da kwando an rufe shi da zane.

"Yaya, riƙo na kawo miki."

Ta yaye zanen, sai ga kawunan albasa jajaye, zaɓaɓɓu.

Na ce, "Alhaji ya sani?"

"Abin gidansa ya ce. Wannan na gidan Inna ne. Har malaminmu na tambaya, ya ce rantsuwar ba ta hau kansu ba."

Maigidana ya leƙo daga zaure. "A'a, ƴan Najeriya, an zo roƙon ruwan sata?"

"An zo rage maka kaya ne, mijin Yaya, kada su yi maka nauyi ranar hisabi."

Ya yi dariya har da tari. A ranar ya ba mu fangali biyu a gefen gonar, inda ya yi niyyar zuba alkama. Ƙanwata ta durƙusa ta nuna mini: a yanke saman kan albasa, a shafa toka a bakin yankan, a bar shi ya sha iska, sannan a binne ba da zurfi ba. Hannunta sak na Inna. Na ji kunya, ga furfura ta fara fito mini, ƙanwata tana koya mini aikin uwata.

Duk ranar da ruwa ya zagayo kanmu nakan bi maigida gona in ga fangulan sun sha. Kara ya tashi, fure ya buɗe fari fat, ƙudan zuma suna ta kai da kawo. Sai aka sanar cewa baraji ya yi ƙasa, za a rufe magudana, alhali iri bai yi baƙi ba tukuna. Wani dattijo maƙwabcin gonarmu yana da rijiya, ya ce in riƙa jan bokiti shida bayan sallar asuba, kafin ya fara nasa. Bokiti shida ba za su riƙe fangali biyu ba. Na tsaya a kansu na daɗe, na yi bisimilla na zaɓi na gabas. Na yamma ina kallo ya sunkuya ya bushe, kullum in na wuce da bokiti sai in kau da kai.

Da kawunan furen suka fara tsagewa na yanke su, na shanya a tabarma, na murje, na sheƙe. Abin da ya fito bai wuce cikin gwangwanin madara ba. Na aika wa ƙanwata, ta zo ta kwana uku, ta ƙara biyu. Ta ɗebi ƴan ƙwayoyi ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta sa a gindin randa. Ran na biyar muka warware, sai ga fararen tsiro kamar zare. Ta ce alhamdulillahi.

Na miƙa mata gwangwanin. Ta karɓa, ta jawo faifai ta juye, ta sa gefen hannu ta raba biyu.

"Ba zai ƙara zama gefe ɗaya na iyaka ba, Yaya. Bana mu ne babu ruwa, wa ya san baɗi?"

Na ce ina tsoron kada ya mutu a hannuna.

"To ki daina tsoro ki nemo ƙyalle."

Na yago bakin wani tsohon ɗankwali, na ƙulle rabona, na rataye a ƙusa inda ɓera ba ya kai.