Tukunyar da Kaka Ta Kifar

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, amma ranar da kakata ta kifar mini da tukunya a gaban baƙina, wannan ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Shekaru sun wuce, furfura ta fara fito mini, amma duk daminar da ta kama na ga naman kaza ya tsiro a bakin hanya, sai in ji kamar jiya aka yi.

A lokacin ina koyar da kimiyyar halittu a wani lise, wato makarantar sakandare, a nan Zinder. Ban daɗe da fara aiki ba, kuma gaskiya kaina yana rawa. Na iya Faransanci, ina da babur sabo, duk inda na bi ana ce mini Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Mutum ɗaya ce wannan suna bai taɓa burgewa ba, kakata ta wajen uba, wadda take zaune a ƙauyenmu can wajen Dogo. Ita cewa take yi ba ta taɓa jin inda mutum ya share shekara goma sha yana lakwal, makarantar boko, don a ƙarshe a riƙa kiransa mushe ba. Idan na je gaishe ta, tun daga ƙofa za ta ce, "Ga mushen gidanmu nan ya iso, ku kori angulu." Ni kuma in ce mata na kusa sakinta in auri ƴar birni mai haƙora. Haka muke, wasan kaka da jika, kuma duk cikin jikokinta ni take ɓoye wa gyaɗa.

Kaka ta san naman kaza kamar yadda ta san ƴaƴanta. Idan marka ta zauna, takan ɗauki ƙwarya da sassafe ta nufi wani tsohon shuri a bayan gonarmu, ta tono wani fari mai doguwar saiwa wadda take nutsewa can cikin gidan gara. Shi take sa mana a miya a kwanakin da rumbu ya yi ƙasa kuma gero bai nuna ba. Tana da wani labari da take so ta riƙa ba mu, na ranar da wani Nasara ya zo garinmu tana ƙaramar yarinya, ya yi ta bin daji yana tsinkar ciyayi yana dannewa tsakanin takardu. Mu kuwa da ta ce "ranar da Nasara ya zo" sai mu fashe da dariya mu watse. Ban taɓa zama na ji ƙarshen labarin ba, ko sau ɗaya.

Wani abokina da ya tafi ƙarin karatu ƙasar Faransa shi ya turo mini hoton da ya jawo komai. A can akwai wani babban ɗaki da ake ajiye busassun tsirrai da aka kwaso daga ƙasashenmu tun zamanin mulkinsu, kowanne a manne a takardarsa da bayanin inda aka samo shi. Yana cikin bincikensa ya ci karo da takardar wani naman kaza, ya ga an rubuta sunan yankinmu, sai ya ɗauke ta a waya ya aiko mini. Abin ya bushe ya koma ruwan ƙasa, amma ana ganin faffaɗar hularsa da wani zobe a wuyansa. A gefe akwai rubutun hannu da Faransanci, tawadar ta koɗe: an same shi a ciyawa, a inda shanu suke kwana, bayan ruwan sama. A ƙasa kuma aka sa sunan da mutanen wurin suke kiransa: Karkatchi. Ya haɗo mini da shafin littafin da aka fara bayyana shi ga masana, amma wannan da Latinanci ne, ban iya ba, ban kuma nemi wanda ya iya ba.

Ina ganin kalmar nan na ce ai karkashi ne, Nasara ya kasa rubutawa daidai. Wa bai san miyar karkashi ba a Damagaram? Nan take na gina gidana a kanta. Na ce tunda kakanninmu sun ba shi sunan ganyen miya, to a miya suke cinsa, mu ne muka manta. Na fara hango kaina na rubuta maƙala, na dawo wa talakawa da abincin da suka ɓatar, ana kiran sunana a rediyo. Dare ɗaya na zama masani a kan kalma guda.

Da hutun damina na ɗauki malamai biyu abokan aikina muka tafi ƙauye. Washegari da hantsi muka je tsohuwar makwantar shanu, ga su kuwa birjik, farare, manya, kowanne da zobensa a wuya, kamar yadda yake a hoto. Muka cika buhu. Da muka shigo gida na zazzage su a kan tabarma ina taƙama, Kaka ta sunkuya ta ɗauki ɗaya ta juya shi ta dubi ƙarƙashinsa.

Ta ce, "Maigida, wannan ai laimar kwaɗi ce. Ba a cinta. Ka ga cikinta ya fara tsanwa-tsanwa?"

Na ce, "Kaka, ana cinta. Ga takarda, tun kafin a haifi Baba aka rubuta. Sunanta karkashi, a miya ake sa ta."

Ta ce, "Karkashi ganye ne. Ni na girme wa takardar nan taka ko ita ta girme ni, ban sani ba, amma ban taɓa jin mai kiran wannan karkashi ba."

Abokaina suka yi dariya, ni ma na yi, amma raina ya ɗan sosu. Matan gidan duk suka ƙi dafawa, kowace ta ce ba da hannunta ba. Sai na ce to mu maza mu dafa abinmu. Muka kafa duwatsu uku a gindin darbejiya bayan gida, muka sa albasa da tattasai da mai. Ƙamshi kuwa ya tashi, ba ƙarya, har maƙwabta suna leƙowa ta saman danga. Na ɗebo cokali ina hurawa kenan sai ga Kaka tafe tana dogara sandarta. Ta sa bakin sandar a kunnen tukunya ta tura, miya ta malale cikin yashi, wuta ta yi cuuu. Har ta sa ƙafa tana tura ƙasa a kai don kada kaji su tsattsaga.

Abin da na faɗa a wannan lokacin, har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na miƙe ina huci na ce, "Wannan jahilcin naku shi ya hana ƙasar nan ci gaba! Mutum ya zo muku da ilimi, ku kuna nan da camfi!" Kawuna da ke zaune ya sunkuyar da kai. Kaka ta dube ni, kuma a karo na farko a rayuwata ba ta mayar mini da wasa ba. A hankali ta ce, "Zauna ka ji yadda aka yi ranar da Nasaran nan ya zo." Na ce na gaji da tatsuniya. Na tayar da babur, abokaina suka hau nasu, muka kama hanyar Zinder ko sallama ban yi mata ba.

Fushin ya wuce cikin kwana uku, girman kai ne ya rage. Sau biyu tana aiko mini da saƙo ta bakin wani ɗan garinmu da yake kawo kaya kasuwa. Na farko ta ce a tambaye ni ko mushen ya huce. Na biyu ta ce in zo tana da ajiya gare ni. Na ce a gaya mata idan an koma lakwal abubuwa sun lafa zan zo. A raina kuwa so nake ta ɗan ji jiki, ta san ta kunyata ni. Tsakanina da ita tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, amma na bar wata biyu suka wuce.

Ina cikin aji wata safiya, an fara yankan gero, wayata ta yi ƙara. Kawu ne. Ya ce zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu, yanzu Allah ya yi mata cikawa. Na bar alli a kan tebur na fita. Na isa garin ana fitowa da ita, iyakar abin da na samu shi ne na sa kafaɗata a makara. Duk hanyar maƙabarta abu ɗaya nake maimaitawa a zuciya, Kaka ki yafe mini, kuma na san ba ta ji.

Ranar sadakar uku ƙanwarta ta sa aka kira ni ɗaki. Ita ma tsohuwa ce, a Birni take aure tun ƙuruciya, Iya muke ce mata. Ta jawo wani ƙaramin kwano mai murfi daga ƙarƙashin gadon Kaka ta ajiye a gabana. A ciki akwai ƙunshi biyu na tsumma, ɗaya an ɗaure shi da farin zare, ɗayan da ja. Na kwance. Naman kaza ne busasshe, na farin zaren mai doguwar saiwa, na jan zaren mai zobe a wuya. Ita da kanta ta je ta tsinko su ta shanya, da waɗannan ƙafafun nata.

Iya ta ce, "Ta ce tunda kai sai abin da aka busar aka ajiye kake yarda da shi, to ga nata. Mai jan zaren shi ne na Nasara."

Na ce, "Iya, wane labari ne take so ta ba ni?"

Ta ce, "Au, ba ka sani ba? Ai Innarmu ta ba mu shi ya fi a ƙirga. Ita da Yaya suna dawowa daga rijiya suka tarar da Nasaran a tsugune a makwantar shanu, ya tsinko wannan yana shinshinawa. Tafintansa ya tafi neman ruwan doki. Ya ɗaga abin yana nuna wa Inna, yana ta yarensa, da alama tambaya yake. Ita kuwa ta zaci ci zai yi. Ta sauke tulu tana kaɗa hannu tana cewa, kar ka ci! Kar ka ci! Shi kuma sai ya yi murmushi ya ciro littafi ya rubuta. Inna har ta rasu tana cewa ko bawan Allahn nan ya ji ta, oho."

Na ciro waya na buɗe hoton na dubi kalmar. Karkatchi. Kar ka ci. Ni da kullum nake wucewa ta unguwar Zango ina ganin allunan masu sayar da abinci an rubuta abintchi, ni da na fi kowa sanin yadda Faransawa suke rubuta harafinmu na c da tch, ban gani ba, saboda abin da nake so in gani daban ne. Ba suna ba ne aka ajiye shekaru kusan tamanin a wancan ɗakin. Kashedin uwar kakata ne, ya tsallaka teku ya dawo har cikin tafin hannuna, na karanta shi na ce miya ce. Na kifa kaina a bakin gadon Kaka na yi kuka irin wanda ban yi ba a maƙabarta.

Iya ta bar ni sai da na yi shiru. Sannan ta ce, "Maganar da ka faɗa mata ba ta riƙe ba, ta ce ƙuruciya ce. Abin da ya hana ta sukuni shi ne kada ka je Zinder ka dafa shi inda sandarta ba ta kaiwa." Wannan ya fi mini zafi a kan a ce ta tafi tana fushi da ni.

Daga baya abokina ya kai shafin Latinancin wurin wanda ya iya. Ashe a ciki ma an faɗi cewa ƙarƙashinsa yana komawa tsanwa idan ya girma, abin da Kaka ta gani da juyi ɗaya. Masanan da suka biyo baya kuma sun daɗe da tabbatar da cewa yana sa amai da gudawa mai tsanani, har yakan kayar da mai raunin jiki. Mu uku muka zauna a gaban tukunyar nan, kuma da ya yi daɗi niyyata in ɗiba wa yaran gida. A takardar akwai sunan Nasaran, har ma da shi aka raɗa wa naman kazan suna. Matar da ta sauke tulunta don ta cece shi, ba a ambace ta ko da harafi ɗaya ba.

Kwanon yana nan a ɗakina, ƙunshin biyu da zarensu. Duk shekara idan na zo darasin naman kaza nakan kai shi aji, in rubuta kalmar nan a allo in ce ɗalibai su karanta da ƙarfi, sannu a hankali. Ba a daɗewa wani yake ganewa, aji ya ɗauki dariya, ni kuma in juya in yi kamar ina goge allo har idona ya bushe. Abin da na koya ban koye shi da sauƙi ba. Takarda tana ajiye abin da aka faɗa, amma ba ta san abin da ake nufi ba, wannan sai wurin wanda ya ji da kunnensa. Tun daga ranar, idan tsoho ya ce mini in zauna in ji yadda aka yi, ko ina sauri nakan kashe babur in zauna har ya kai ƙarshe. Na Kaka ne kawai na ji a bakin wani.