Haƙoran Inna huɗu

Shekarar da fari ya koro mutanen daji zuwa bakin Agadas, soji na kan mulki, ciwon fuska ya kama Inna. Alwala ta gagare ta. Da ruwa ya taɓa kuncinta na dama sai ta ƙame da buta a hannu, ta ce kamar walƙiya ta tsaga ta daga leɓe zuwa ido. Kafin ka ce sannu ya wuce.

Na kai ta wurin manjo, ma'aikacin jinyar unguwarmu, mutum ɗaya tak da na san ya yi tumbi a shekarar nan. Tsawa ya koya wurin soji, saurare kuwa bai koya wurin kowa ba.

"Muƙamuƙi ne," ya ce, ko kai bai ɗago ba. "Kun zauna kuna tauna jar dawar taimako kamar jakai."

Gaskiya mata da yawa sun zo masa da wannan: gaɓa ta yi tsami a gaban kunne, tana ƙara in an buɗe baki, ciwon ya yini yana nuƙurƙusa. Na Inna ba haka yake ba, kuma ta faɗa.

"Manjo, ni ba wurin tauna ba ne, wurin taɓi ne."

"Tsohuwa, ni da ke wa ya yi lakkwal, wa ya yi boko?"

Ya sa aka ɗaure mata haɓa da ƙyalle. Da bai yi ba, sai gwanin ya koma kan haƙora. Turame huɗu suka rage mata, lafiyayyu, ya cire su ɗaya bayan ɗaya cikin wata biyu. Ni na riƙe mata kai. Har yau ina jin kunyar wannan.

Wani lokotoro, babban likita mai wucewa zuwa Iferwan, ya raba gardama. Ya danna gaban kunnenta, ya ce ta buɗe baki, ba zafi, ba ƙara. Ya shafa auduga a kuncinta, ta zabura.

"Jijiya ce, Inna. Wa ya cire miki haƙora?"

Manjo na tsaye, ya duƙufa jera kwalabe. Ƙwayoyi kawai aka ba ta, kafin Juma'a tana wanke fuska sau uku a alwala tana hawayen murna.

Da damina ta dawo, ƙanenta ya kawo mata dabino. Ta jujjuya ɗaya a baki, ta kasa, ta turo mini sauran.

"Cinye, ɗiyata. Ni na bar turamena wurin mai lakkwal."