Ƙofar da Na Sa Aka Toshe

Kafin in lalace, ni yaro ne mai kunya, ɗan wani mai gyaran jiragen ruwa a bakin kogin Yelwa. Na ɗan yi makaranta, ina jin Turanci kaɗan, ina kuma jin Gunganci domin mahaifiyata 'yar tsibiri ce. Wannan jin harsuna shi ya samo mini aiki, shi kuma ya kai ni gidan yari.

Bayan samun 'yancin kai aka fara gina madatsar Kainji, aka ce ruwa zai cinye tsibirai da ƙauyukan bakin kogi. Aka turo masu ƙiyasin gidaje, aka ɗauke ni tafinta. Duk mai gida za a gina masa sabo a tudu. To amma gidajen mutanenmu manne suke da juna, bango ɗaya yana riƙe da ɗakuna biyu, baƙo ba ya gane inda na wane ya ƙare. Akwai gidan gandu, inda komai na maigida ne, sassan 'ya'ya da ƙanne suna ƙarƙashinsa. Akwai gidan gado da aka riga aka raba, kowa da nasa ko da bangon ɗaya ne. Akwai na aro da na jingina, inda mazaunin gidan ba shi ne mai shi ba. Masu ƙiyasi suka sauƙaƙa wa kansu, ƙofa kawai suke dubawa. Mai ƙofarsa ta waje, gida gare shi. Mai shiga ta zauren wani, sashe ne, sunan maigida za a sa. In sun yi shakka, ni suke tambaya.

Da busasshen kifi aka fara. Wani ya ba ni don in ce ɗakin aro nasa ne, na faɗa, ba abin da ya faru. Daga nan sai kwandon albasa, sai kuɗi. Na sayi keke, na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa, dattawa suna ce mini malam.

A wani tsibiri kusa da Ngaski na haɗu da Bawa. Gidansa bango ɗaya yake da na Inna Asabe, matar yayansa da ya rasu. Tun mijin yana raye aka raba gadon. Tana da ƙofarta, da murhunta, da rumbunta. Bawa ya ja ni gefe ya ce, "Malam, in an rubuta gidan ga duka nau na, babba za a ba ni, ko?" Na ce haka ne, amma ƙofarta za ta tona mana asiri. Ni da bakina na koya masa dabarar. Ranar da ta haye kogi zuwa kasuwa, ya toshe ƙofarta da laka, ya fasa wata ta cikin gidansa, ya ce mata an hana ƙofa mai kallon kogi. Muka jira har yaɓen ya bushe, sannan na kawo masu ƙiyasi.

Da ta ga ana aune-aune, ta matso ta ce da Gunganci gidanta ne, mijinta ya gina shi da hannunsa. Babbansu ya tambaye ni me take cewa. Na ce tana yi musu barka da zuwa ne. Ta dube ni ta juya Hausa, a hankali, ta ce, "Ɗana, ka hwaɗa musu daidai?" Na ce, "Na faɗa, Inna." Ta sa mini albarka.

Da aka raba sabbin gidaje, ba nata. Bawa ya ƙara aure, ya ce ba shi da ɗakin ba ta. Ta koma tsibirin ita kaɗai, ta zauna a ɗakinta. Ruwa yana hawa kullum, ya ci gonakin albasa, ya ci rumbuna, ya shiga tsakar gida. Masunta ne suka ɗauko ta a kan gado, ruwa ya kai mata gwiwa, tana cewa malam ya rubuta ta, a dai ƙara dubawa.

Koke-koke suka yi yawa daga Shanga har Ngaski, aka kama ni. A gaban alƙali Bawa ne ya fara ba da shaida a kaina. Aka ɗaure ni shekaru. Mahaifina ya rasu ina ciki, bai taɓa zuwa duba ni ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Da na fito na tuba, na je neman Inna Asabe. Na tarar da 'yarta tana shanya kifi a wani sabon gari. Ta ce Inna ta rasu a rumfar zana bayan gidan mutane, damina biyu bayan tashi. Na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta ce, "Tashi, malam. Ba ni kay yi ma ba. Wadda kay yi ma ta tahi, ni ko ba ni iya yahe hakkin da ba nau ba."

Samari, wata rana za a ba ku aiki, a tambaye ku gidan wa ne wannan, gonar wa ce waccan. Ku faɗi gaskiya, ko da mai abin ba ya jin me kuke cewa. Kada ku karɓi kifin farko. Wanda kuka cuta kuma, ku neme shi tun yana da rai. Ni na makara, kuma ban san abin da zan ce mata ranar da za mu haɗu ba.