Takardun Juma'a na Shugabar Makarantarmu

Jiya ina gyara akwatin zannuwana na ci karo da takardarta. Ta yi ja, amma rubutun na nan raɗau. Mai takardar tsohuwar shugabar firamaren Katolika ce, inda 'yata Hadiza ta kai aji uku. Duk Juma'a sai ta rubuto wa iyaye da hannunta: abin da aka karanta, wanda ya faɗi ya kurje gwiwa, wadda ta ƙi cin abinci da aka fita tara. Takan ce, "Gara ku ji daga bakina."

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, magana ta zagaye Daura wai ana koya wa yaranmu addu'ar coci. Maigidana ya cire Hadiza. Ran nan da la'asar sai ga shugabar ta yi sallama, tana haki, yatsunta fari fat da alli.

"Maman Hadiza, na taɓa ɓoye miki wani abu? Lokacin addu'armu 'yarki tana gindin darbejiya wajen malamin Arabiyya. Ai na rubuto miki."

Na sani sarai. Amma maƙwabta na leƙe ta katanga. Na ce, "Mama, maigidan ba ya nan." Ko tabarma ban shimfiɗa mata ba, balle ruwa.

Rasuwarta a bakin mai kitso na ji, bayan sati biyu da rasuwar. Duk unguwarmu ba wanda ya je gaisuwa, har da ni.

Ya Allah, Ka fi mu sanin ta. Ka yi mata adalcin da muka kasa, ni kuma Ka yafe mini tsorona.