Ɗan Sin na Kasuwar Kabo

Inna Delu, kakata ta wajen uba, ba ta fara tatsuniya sai an ci tuwon magariba. Mukan zagaye murhunta a gidanmu na Madadi, tana gasa mana gyaɗa a toka. Wata rana muka dame ta da roƙon labarin dodo. Sai ta ce, "Yau na gaske zan ba ku."

Ta ce tana budurwa, lokacin da take kai nono kasuwar Kabo, akwai wani mutumin ƙasar Sin da ya zo gyaran injin ban ruwa, ya zauna a garin. Sunansa ya gagari bakin kowa, sai aka sa masa Ɗan Sin. Duk ranar kasuwa yakan sayi nononta, ya yi godiya da karyayyiyar Hausa. Amma a bayan idonsa ana ta cewa mutanensu naman mutum suke ci.

Ran nan wani yaro ya ɓace. Wani mahauci ya kwarma ihu, "Ɗan Sin ne!" Aka fizgo shi daga rumfa, aka rufe shi da sanduna da duwatsu. Aka karya masa hannu, aka ja shi a ƙasa har bakin kududdufi, jini ya rufe masa fuska. Yana ta ɗaga ɗaya hannun yana cewa, "Don Allah! Don Allah!" Kafin la'asar ya mutu. Da yamma aka ga yaron a Gwarzo, ashe motar kawunsa ya bi.

Yayata Hajara ta ce, "Inna, ke kina ina?"

"Ina wurin. Na ajiye ƙwarya na ɗauki dutse na jefe shi. A nan ya same shi." Ta taɓa saman girarta. "Ya juyo ya gane ni, 'yan nan. Wallahi ya gane ni."

Ba wanda ya ƙara kai hannu kan gyaɗar.

Na yi shekaru ina jin haushin ta faɗa mana. Sai da na girma na gane da ta ɓoye, da mun tashi muna zaton mugunta a gidan wasu kawai take kwana.

Yanzu ina koyar da tarihi a wata sakandare a Gwarzo. Nakan ba ɗalibai labarin 'yan Sin da suka je Amurka aikin layin dogo, yadda aka ƙona unguwanninsu, aka kashe wasu, aka kafa dokar hana su shiga. Bara wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, waɗanne irin mugaye ne za su yi haka?"

Na ce, "Ban san na can ba, amma na san wata a nan. Ba ta taɓa barin maƙwabci ya kwana da yunwa ba, kuma ita ta goye ni."