Yarona a Kan Tankin Kabu-kabu

Daga filin jirgin Birnin Kebbi har tashar Yelwa ta Yauri hannuna bai bar rigar ɗana ba. Shekararsa huɗu, haihuwar Legas, bai taɓa zuwa Yauri ba. Ƙanwarsa kuwa tun a jirgi take kuka, ta yi amai a cinyata wajen garin Koko.

A tasha 'yan kabu-kabu suka yanyame mu. Ina ta fama da zanen goyo, na ce gidan Inna za mu, bayan kasuwar kifi. Kafin in ɗago, wani ya sunkuci yaron ya ɗora a kan tankin babur ɗinsa, ya kama masa hannuwa ya aza a kan ƙarfe, ya wuce. Ko fuskarsa ban gani ba.

Na haye na biyu da goyo da akwati, ina dukan bayan mutumin ina cewa ya bi su. A bakin kasuwa wata motar busasshen kifi ta tare hanya, jar hular yaron ta ɓace mini. Duk addu'ar da na sani na karanta, na haɗa da zagi.

Na faɗa gida ba sallama. Ga yaron zaune a cinyar Inna tana cire masa ƙayar kifi.

Ta dube ni, ta ce, "Kin ratso sama da su ba ki ji tsoro ba, sai a garin ubanki?"